Motar da ta tsira a ruwa ta mutu a tudu: nazarin wani lamari a Marwa

Lamarin ya faru ne a Marwa, babban birnin jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, wani yammaci cikin watan Agusta. Ba a rasa rai ba, ba kuma wanda ya ji ciwo in ban da ƙujewa a ƙauri. Injin mota ne ya tafi, ya tafi da kuɗin da mai ita ya tara don ƙara jari. Irin wannan ba ya kaiwa ga labarun rediyo, amma babu daminar da za ta wuce ba a yi shi a unguwanni da dama ba, kuma da magana ɗaya ake rufe zancen kullum: ruwa ya ci motar wane. Na saurari mutum uku da abin ya shafa, direban da surukinsa da makaniken da ya buɗe injin. Da na jera bayanansu sai na ga ruwan sama ne ya fi kowa ƙaramin kaso a asarar.

Direban ɗan kasuwa ne, Bahaushe haifaffen garin, mai rumfar atamfa da shadda a babbar kasuwa. Ya daɗe yana tuƙi, ba a san shi da ganganci ba. Motar tsohuwar Toyota Corolla ce mai shan fetur, mai giyar hannu. Ran nan ya biya gidan wata ta'aziyya ya ɗauko surukinsa, dattijo mai fama da ciwon gwiwa, yaron direban ɗan firamare kuma yana kujerar baya. Gida za su, wata unguwa ta gefen gari kusa da gindin dutse, ta hanyar da yake bi safe da yamma.

Garin da ruwansa

Baƙon da ya zo Marwa da rani zai rantse garin ba shi da matsalar ruwa sai ta rashinsa. Manyan rafukan garin biyu, waɗanda ake kira mayo da Fillanci, wato Mayo Kaliyaw da ya ratsa tsakiyar gari da Mayo Tsanaga da ya bi ta kudu, dukansu yashi ne zalla watanni da yawa. Yara na buga ƙwallo a ciki, masu wanki na haƙa rami su sami ruwa su shanya kaya a kan rairayi, masu tifa na ɗibar yashin gini, masu babur na yanke hanya ta ciki. Ruwan shekara a nan wajen milimita 800 ne, bai kai na Garwa ba, balle na Ngawundare. Sai dai kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, kuma ba yayyafi-yayyafi ba.

Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ne a kan kowace murabba'in mita. Hadari ɗaya mai ƙarfi na iya sauke milimita 50, ke nan hekta ɗaya ta karɓi lita 500,000, nauyin tan 500. To ina zai bi? Duwatsun da ke kan garin ba su da wani ciyayin kirki da zai riƙe shi. Ƙasar filin kuwa yumɓu ce a wurare da yawa, irin wadda ake dasa masakwa a kanta bayan damina, da ta jiƙe sai ta kumbura ta toshe. A cikin gari rufin kwano da daɓen siminti sai ƙaruwa suke, lambatu da kwalbatoci kuma sun cika da yashi da leda. Titi ne ya rage, sai ruwan ya bi titi.

Akwai kuma abin da tsofaffin garin suka sani, matasan direbobi ke mantawa. Hadarin wannan yanki, tun daga Njamena har Kano, daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, iska mai ƙura na gabansa. Duwatsun Mandara kuwa yamma suke da Marwa, kuma daga can mayo biyun suka taso. Tsanaga daga wajen Mokolo yake gangarowa, tafiyar kilomita kusan 80, ya wuce Marwa da Bogo ya nufi fadamun Maga. Ke nan hadari ta sama yake wuce gari, ya je ya juye a kan duwatsu, ruwansa ya dawo ta ƙasa. Sama na iya washewa, taurari su fito, a lokacin ne mayo ke cika. Ƙananan rafukan da ke saukowa daga duwatsun gefen gari su ma haka suke yi, nasu dai ya fi sauri: ba su cika batse sai ruwan sama ya fara ɗaukewa. Wanda ya ga yadda gadar Palar da ke kan babbar hanyar Mora da Kusiri ta rufta a ƙarshen Agustan 2020 ya san ƙarfin da ake magana a kai.

Daga la'asar zuwa magariba

La'asar sakaliya suka baro gidan ta'aziyyar, gabas ta riga ta yi baƙi ƙirin. Ba su yi nisa ba iska ta iso, mai sanyi, ɗauke da ƙura da leda da guntun kwano. Masu babur ɗin haya, 'yan kalando, suka shiga tsere kowa na neman inuwa. Manyan titunan Marwa bishiyoyin darbejiya ne jere a gefensu, su ke sa garin daɗi da rani, su ne kuma abin tsoro in iska ta taso. Wani reshe ya karyo a gabansu ya tare rabin titi. Sai aka tsuge da ruwa. Waifa na aiki iyakar ƙarfinta, amma ko fitilar motar da ke gaba ba ya gani.

Ya ce, "Baba, mu ɗan dakata ya wuce."

Dattijon ya ce, "Yadda ka gani, Malam."

Ya ratse ya shiga filin wani gidan mai da ke kan ɗan tudu, nesa da bishiya, nesa da katanga da turakun lantarki, ya kashe inji ya bar fitilu na ƙyaftawa. Wannan shawara ba ta da aibi ko kaɗan, kuma ya kamata a faɗa, domin abin da ya biyo baya kan sa a ɗauka mutumin bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai, musamman abin da ya shafi tsawa. Yaron ya firgita yana so a fita a shiga shago, uban ya hana, ya sa shi ya janye hannunsa daga ƙarfen ƙofa. Mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe tana cikin wurare mafi aminci a waje lokacin tsawa, saboda wutar na bin jikin ƙarfen ta waje ta sauka ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka robar taya ce ke karewa, shi ya sa mai babur ke jin shi ma a tsare yake, alhali ba shi da kariyar komai. Gindin bishiya kuwa, inda aka fi cunkuso, nan ne mafi muni. Dattijon na jan tasbihin da ake yi in an ji tsawa, uban kuma ya shagaltar da yaron da ƙirga: daga walƙiya zuwa ƙara, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, don sauti na tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa. Da farko kafin su ce "biyu" ƙarar ta iso. Can suka fara kaiwa goma, sha biyar.

Da ruwan ya koma yayyafi, tsawa ta yi yamma, sai kowa a gidan man ya saki jiki. Daga nan lissafin direban ya fara karkacewa. A zuciyarsa haɗarin yana sama ne, kuma ya wuce.

Titin kwalta da suka bi ya zama tafki, amma kwantaccen ruwa ne, iyakarsa idon sawu zuwa rabin ƙauri. Ya bi tsakiyar titi inda ya fi tudu, a giya ɗaya, yana kauce wa gefe don ya san lambatun wurin a buɗe suke, ruwa ya shafe bakinsu. Sun wuce wata mota da tayarta ta gaba ta zurma a irin wannan rami, ta ɗaga baya. Ya ratsa kududdufi bayan kududdufi lafiya, yana fita yana ɗan taka birki don ya bushe. Kowane ya ratsa sai gabansa ya ƙara ƙarfi. Kafin su kai ƙarshen kwalta ya gama yarda cewa motarsa na iya ruwan yau.

Dab da unguwarsu akwai kwari inda wani ƙaramin rafi ke saukowa daga dutse ya nufi mayo. Ba gada a wurin, sai daɓen kankare da aka shimfiɗa a ƙasan kwarin, radiye, mota ta gangara ta haye. Mafi yawan shekara busasshe ne, awaki ke kwanciya a kai. Ran nan ruwa ne ja wur da laka yana gudu yana ruri, ɗauke da kara da leda da wata buta da ke juyi. Ba turken awo, ba alamar da ke nuna inda kankaren ya ƙare. 'Yan kalando sun yi layi a ɓangarori biyu sun kashe babura suna jira, su da jiran minti goma asara ce a wurinsu. Samarin unguwa sun naɗe wando suna tsallakar da mutane a kafaɗa. Ɗayansu ya leƙo ta taga ya ce da Fillanci ruwan ya kai gwiwa a tsakiya, kuma ƙaruwa yake yi.

Duk abin da mutum ke bukata don ya fasa yana gabansa. Me ya sa bai fasa ba? Da na tambaye shi, dalili biyu ya ba ni. Na farko, wata Hilux ta shiga a gabansa ta haye ba ko tari. Na biyu ya ɗan yi jim kafin ya faɗa. Surukin nasa shi ke jan salla a masallacin ƙofar gidansa, ga magariba ta gabato, ga shi ya riga ya tsayar da dattijon sau ɗaya a gidan mai. Ya ji nauyin ya sake cewa a dakata, kada a ga ya mai da babba abin jira, ko a ce tsoro ya kama shi a gaban uban matarsa. Ya saci kallon dattijon ya ga yana duban agogo, sai ya fassara kallon da cewa a yi sauri.

Dattijon kuwa, kamar yadda ya gaya wa 'yarsa daga baya, ita kuma ta kai wa mijinta, yana duban agogo ne yana lissafin cewa ko sun yi awa guda a nan ba abin da zai ɓaci, akwai masallaci a bayansu, ladan kuma zai iya jan mutane salla. Ya girma a garin, ya san rafin, ya san wanda ya taɓa tafiya da shi. Amma mota ta mai ita ce, kuma ba ya so a ce ya zauna a motar surukinsa yana koya masa tuƙi. Kowannensu na so a tsaya, kowannensu ya yi shiru don ganin girman ɗayan. Ba na cikin masu cewa kunyar surukuta kaya ce da ya kamata a sauke. Ita ke riƙe gidaje da yawa. Amma a bakin wannan kwari, kalmar da aka faɗa cikin sauƙi a gidan mai ita ce ta gagara, don a karo na biyu ta fi nauyi.

Batun Hilux kuwa ruɗi ne da ke cin direbobi duk shekara. Sababbin irinta an ƙera su su ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, bakin da injinta ke shaƙar iska yana sama, nauyinta kuma ya kusa ninka na ƙaramar mota. Tsakanin cikin Corolla da ƙasa wajen santimita 15 ne, bakin shaƙar iskarta yana nan bayan fitilar gaba. Wucewar waccan ba ta ba da labarin komai game da wannan ba.

Ya shiga a giya biyu, da gudu-gudu, ƙafa a kan totur. Gaban motar ya turo ruwa ya tara. Suna kaiwa tsakiya wata tifa ta shigo daga ɗaya gefen ba ta jira ya fita ba, igiyar ruwan da ta turo ta haɗu da tasa ta hau kan bonet. Injin ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Nan take ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofofi. Abin da direban ya ce ba zai manta ba shi ne yadda ya ji bayan motar ya yi sauƙi ya fara zamewa gefe, shi kuwa yana riƙe da sitiyarin da ba ya juya komai. Nauyin inji na gaba, don haka baya ke fara tashi, a baya kuma yaron yake.

Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana maimaita wasu alƙaluma: ruwa mai gudu mai zurfin santimita 15 na iya kayar da babban mutum, santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 na iya tafiya da manya irin su jif da a-kori-kura. Ruwan da ya kai gwiwa ya wuce na biyun nesa. Abin da ya cece su samarin nan ne. Direban ya yi dabarar sauke gilasai tun lantarkin motar bai ɗauke ba. Wani ya zaro yaron ta taga ya saɓa a kafaɗa, biyu suka tallabi dattijon suka fitar da shi, sauran suka kama motar. Babbansu ya daka wa waɗanda suka tsaya ta gefen da ruwa ke gangarawa tsawa su bar wurin, don in motar ta zame su za ta danne. Ta baya suka tura, direban na riƙe da sitiyari, har suka hau da ita tudu. A nan aka sami ƙujewar ƙaurin. Fitar da ita daidai ne: bayan isha ruwan wurin ya ƙaru sosai, motar da aka bari a kan radiyen da sai dai a neme ta a mayo.

Turin da ya kashe injin

An fita, an yi hamdala, ya sallami samarin da abin da ke aljihunsa. Zuwa wannan lokaci asararsa ba ta wuce jiƙaƙƙun kujeru da aikin yini ɗaya a gareji ba. Sai ya murza makulli. Injin ya yi rabin juyi ya cije. Ya sake murzawa, ƙyat, shiru. Ya ce batir ne ya sha ruwa.

Samarin suka ce, "Alhaji, sa ta a giya biyu mu tura, yanzu za ta tashi."

Wani ɗan kalando mai ɗan shekaru ya ce a bar ta haka a kira makanike da safe. Ba wanda ya saurare shi; duhu na shigowa, dattijo na tsaye a jiƙe, gida kuma ga shi ana hangowa. Bayan tudun akwai ɗan gangare. Suka tura ta ta ɗauki gudu, ya saki kulochi, tayoyin gaba suka ja ƙasa suka tsaya cik. Aka mai da ita aka ƙara hannu, aka sake turawa da ƙarfi. Wannan karon aka ji ƙas daga cikin injin, ƙarar ƙarfe, sannan ya juya, ya kama yana ƙwanƙwasa da hayaƙi fari, ya sake mutuwa. Da igiya aka ja ta gida.

Washegari makaniken bai taɓa makulli ba. Akwatin matatar iska ya fara buɗewa: takardar matatar ta jiƙe sharkaf, laka kwance a ƙasan akwatin. Ya zaro sandar awon baƙin mai, man ya koma fari-fari, alamar ya gauraya da ruwa. Ya kwance buji huɗun, wato fulogan da ke kunna wuta a cikin inji, ya sa yaronsa ya juya injin da sifana, ruwa ya yi tsartuwa daga ramuka biyu. Da aka sauke injin aka buɗe, sandar da ke haɗa fistin ɗaya da kiranshaf, wato ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ta lanƙwashe, fistin ɗin ya karce bangon silinda.

Bayaninsa ga direban gajere ne. Aikin fistin shi ne ya matse iska da fetur har su koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansu, sannan buji ya kunna. Iska na matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. A inji mai lita 1.6 kowace silinda na ɗaukar mililita 400, amma sararin da ke ragewa in fistin ya kai ƙarshen hawansa bai fi mililita 50 ba. Ruwan da ya wuce wannan ɗan sarari ya isa ya tsayar da fistin. In aka tilasta masa hawa, tamkar a sa dutse a turmi ne a ce a daka: ko taɓarya ta tsage ko turmi ya fashe. Cijewar da injin ya yi a murzawar farko ita ce gargaɗin, kuma ƙaramar na'urar lantarki mai tayar da inji ba ta da ƙarfin karya komai a ranar, shi ya sa ta tsaya. Turi a gangare kuwa nauyin mota gaba ɗaya, fiye da tan guda, da gudunta, da ƙarfin samari, duk ta cikin giya suka bi suka sauka a kan sanda ɗaya. A ganin makaniken, injin da sandarsa ta lanƙwashe a cikin ruwa tsayawa yake yi farat ɗaya da ƙara. Wannan kuwa tari ya yi ya shaƙe, ƙarar kuma a gangare kowa ya ji ta.

Ya tambayi direban dalilin shiga ruwa da totur a take. Amsar ita ce wadda kusan kowane direba a garin zai bayar: kada ruwa ya shiga ta salansa. Wannan karatu ya yaɗu a tashoshi da garejoji, kuma ya juya gaskiya baibai. Muddin inji na aiki, hayaƙin da ke fita ya isa ya hana ruwa shiga ta baya. Ƙofar haɗarin tana gaba, inda injin ke shaƙa, kuma gwargwadon yadda aka taka totur, gwargwadon yadda yake zuƙa. Gudu kuma na tara ruwa a gaban mota ya ɗaga shi zuwa daidai bakin nan. Wanda dole ta sa ya ratsa kwantaccen ruwa, a giya ɗaya zai shiga, a hankali, da totur daidai wa daida, shi kaɗai a cikin ruwan, bayan ya ga zurfin a jikin wani abu da ya san tsawonsa. In ruwan ya kai ƙasan ƙofa, ko yana gudu, maganar ratsawa ba ta taso ba ga ƙaramar mota.

Da an bi shawarar ɗan kalandon nan, aikin ba shi da yawa. A cire kan batir, a ja motar zuwa gareji, a kwance buji a juya injin ruwan ya fita, a sauya matatar iska, a juye baƙin mai da matatarsa, a duba man giya, a busar da wayoyi. Makaniken ya ce motoci da dama ya tayar ta haka a daminar, masu su suka koma gida ran nan ko washegari. Na dizal sun fi wuyar sha'ani, don matsinsu ya kusa ninka na fetur, ɗan ruwa kaɗan ke karya su tun suna cikin kwarin.

Ba daidai ba ne a ɗora wa direban kaya duka. Mai tifa ya ga ƙaramar mota a tsakiyar ruwa ya shigo. Kwarin kuma hanyar unguwa guda ce, dubban mutane ke bi, amma babu ko turke ɗaya mai fenti da zai nuna zurfi ko bakin kankare, abin da kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Ana maganar manyan ambaliyoyi irin na 2012 a yankin Maga ko na 2024 a Yaguwa, da madatsai da gadoji, kuma sun cancanci maganar. Amma yawancin abin da damina ke ci wa mutanen gari a irin waɗannan ƙananan mashigai yake tafiya, mota ɗaya, babur ɗaya, wani lokaci yaro ɗaya. Samarin da ke tsaye a bakin ruwa su ne ma'aunin zurfi, su ne masu ceto, kuma su ɗin dai ne suka ba da shawarar turi da kyakkyawar niyya. Sun san ruwa, ba su san inji ba. Makanikan unguwa da limamai da shugabannin 'yan kalando za su iya isar musu da magana ɗaya kafin Yuni: motar da ta mutu a ruwa a fitar da ita, kada a tayar.

Inshorar da ke kan motar ta dole ce, wadda ke biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani. Abin da ya sami motar kanta ba ya ciki. Makaniken ya ba shi zaɓi biyu, a sauya sandar da fistin a gyara silinda, ko a sayi inji na hannu a ɗora. Ya zaɓi na biyu don ba ya son ya riƙa komawa gareji. Kuɗin ya cinye abin da ya ware don sarin kaya, ya ƙara da bashi a wurin wani abokin kasuwa. Dattijon ya aiko 'yarsa da cewa zai sayar da sa ɗaya ya taimaka, direban ya mai da saƙon godiya ya ce a bar san.

Motar ta yi makonni a gareji kafin ta dawo hanya. Makaniken ya ce a kawo ta a sake juye mai bayan 'yar tafiya kaɗan, a kuma sa kunne ga boris ɗin tayoyi, don laka ta shige su. Ya kuma gargaɗe shi cewa ɓarnar wayoyi ba ta nuna kanta da wuri, sai tsatsa ta ci mahaɗansu. Kafin kaka ta ƙare injin ɗaga gilashin baya ya daina aiki, fitilar birki ɗaya ta fara wasa, an kuma sauya boris na gaba duka biyu.